Alhaji Shehu Shagari (1925–2018)

An haifi Alhaji Shehu Usman Aliyu Shagari ran 25 ga Fabrairu, 1925, a garin Shagari da ke cikin Jihar Sakkwato ta yanzu. Mahaifinsa, Aliyu, shi ne Magajin Shagari, kuma kakansu Ahmadu Rufa'i ne ya kafa garin. Shehu yana ɗan shekara biyar mahaifinsa ya rasu, sai wansa Bello ya riƙe gidan. Bayan karatun allo an sa shi elemantare a Yabo a 1931, daga nan ya wuce Midil ta Sakkwato, sannan Kwalejin Kaduna, inda ya gama a 1944.

Aikin malanta ya fara yi, kuma wannan ɓangare na rayuwarsa ne aka fi mantawa da shi. Ya koyar da kimiyya a Midil ta Sakkwato, ya kuma zama hedimasta a Argungu. A 1948 ya rubuta Waƙar Nijeriya, wadda ya tsara tarihin ƙasar da labarin garuruwanta a cikin baitoci, domin ya lura yara sun fi saurin riƙe abin da aka rera musu. Ko da juyin mulkin 1966 ya raba shi da kujerar minista a gwamnatin Tafawa Ɓalewa, gida ya koma ya shiga aikin tara kuɗin gina makarantu a Lardin Sakkwato.

Ya shiga Majalisar Wakilai a 1954, aka naɗa shi Turakin Sakkwato a 1962. Ran 1 ga Oktoba, 1979, ya karɓi mulki daga Janar Obasanjo a ƙarƙashin jam'iyyar NPN. Faɗuwar farashin mai daga 1981 ta jigata gwamnatinsa, ga kuma zargin almundahana da ya yi wa wasu muƙarrabansa katutu. Mutum ne mai sanyin hali, kuma a nan sanyin bai amfane shi ba, don ya kasa tsawata musu.

Wata uku da sake rantsar da shi, sojoji suka hamɓarar da gwamnatinsa ran 31 ga Disamba, 1983, Manjo Janar Muhammadu Buhari ya hau. An tsare shi har 1986, aka bincika ba a same shi da laifin cin dukiyar jama'a ba, sai gwamnatin Babangida ta mayar da shi Shagari. Ya rasu a Abuja ran 28 ga Disamba, 2018, yana da shekara 93, aka binne shi a mahaifarsa.