Funmilayo Ransome-Kuti: Matar Da Aka Rage Wa Tarihi

An haifi Funmilayo a Abeokuta, ƙasar Yarabawa, ranar 25 ga Oktoba, 1900. A zamanin da ake ganin karatun 'ya mace asarar kuɗi ne, iyayenta suka sa ta a makarantar Abeokuta Grammar School, ta zama ɗaliba mace ta farko a wurin. Daga baya ta ƙaro ilimi a Ingila, ta dawo gida ta kama aikin koyarwa. A shekarar 1925 ta auri Rabaran Israel Ransome-Kuti na ikilisiyar Angilika.

Da ta buɗe ajin yaƙi da jahilci domin matan kasuwa, a nan ta ji kukansu. Tun 1918 gwamnatin mulkin mallaka ta ɗora wa matan Abeokuta haraji, ana karɓarsa da cin mutunci ta hannun hukumar Alake, wato sarkin garin, alhali babu mace ko ɗaya a majalisar da ke yanke shawara. Ana cin guminsu, ba a jin muryarsu.

A 1946 ta jagoranci kafa Ƙungiyar Matan Abeokuta. Suka rubuta takardun koke, suka ƙi biyan harajin, dubbansu suka kwana a ƙofar fada suna waƙoƙi. Aka kama wasu, aka tsare su, amma ba su ja da baya ba. A ƙarshe aka soke harajin, aka ba mata kujeru a majalisa, Alake Ademola kuma ya sauka daga gadon sarauta a Janairun 1949, ko da yake ya komo daga baya.

Duk da wannan, a zaɓen 1959 jam'iyyarta ta NCNC ta ƙi tsai da ita takara. A zaɓen nan matan Arewa ba su jefa ƙuri'a ba. Sai a 1979 suka shiga babban zaɓen ƙasa.

A Fabrairun 1977 sojoji suka afka wa gidan ɗanta, mawaƙi Fela, a Legas, suka jefo ta daga tagar bene. Ta rasu ranar 13 ga Afrilu, 1978.

Yau idan aka ambace ta, yawancin mutane mahaifiyar Fela suke tunawa, ko kuwa matar da aka ce ita ce ta fara tuƙa mota a Najeriya. Haka al'umma ta saba auna mace: da sunan mijinta ko na ɗanta, aikin hannunta kuwa ya koma bayan fage. Sakamakon a fili yake. Bayan zaɓen 2023, matan da ke Majalisar Dattawa ba su kai biyar ba cikin kujeru 109.

Wannan ma'auni a gida ake fara koyonsa, tun daga ranar da iyaye suka zauna yanke shawarar wanda za a biya wa kuɗin makaranta. Da iyayen Funmilayo sun bi ra'ayin zamaninsu, da matan Abeokuta sun rasa jagora.