Jagadish Chandra Bose: Malamin da ya mayar da dutsen tozali idon na'ura

A kasuwar Jalingo, kamar sauran kasuwannin Arewa, tozali kayan kwalliya ne. Dutsen da ake niƙawa a same shi, wanda masana ke kira galena, yana cikin ma'adanan Taraba, a yankin Arufu da Akwana na ƙasar Wukari. Da irin wannan dutse ne wani malami ɗan Indiya ya aza harsashin na'urorin da ke ganin abin da ido ba ya gani.

An haifi Jagadish Chandra Bose ranar 30 ga Nuwamba, 1858, a Mymensingh, cikin Bangladesh ta yau. Bayan ya yi karatu a Jami'ar Kambirij da ke Ingila, ya kama aikin koyarwa a Kwalejin Presidency ta Kalkuta a 1885. Gwamnatin mulkin mallaka ta yanka masa albashin da bai kai na takwarorinsa Turawa ba. Bose ya ƙi karɓa, amma bai daina shiga aji ba. Shekara uku ya yi haka, har hukuma ta saduda, ta tabbatar da shi a aiki, ta biya shi cikakken albashi da bashin baya.

A ƙaramin ɗakin bincikensa, ya gano cewa idan ƙarfe ya taɓa ƙwayar galena, mahaɗar tana jin igiyoyin rediyo da haske, ta mayar da su saƙon lantarki. A 1904 Amurka ta ba shi takardar mallakar wannan ƙirƙira, wadda ke cikin na farko da suka dogara da ma'adanan da lantarki ke ratsawa rabi-rabi.

Yau silikon ya gaji galena. A cibiyar CERN da ke kusa da Geneva, miliyoyin ƙananan idanu na silikon ne ke bin sawun ƙwayoyin zarra, kuma sun taimaka wajen gano ƙwayar Higgs a 2012. Guntun Medipix da aka ƙera a can, mai idanu 65,536, ya shiga aikin ɗaukar hoton cikin jiki.

Bose ya kafa cibiyar bincikensa a Kalkuta a 1917. Ya rasu ranar 23 ga Nuwamba, 1937, saura mako guda ya cika shekara 79.