Maikal O'Kleri, Magatakardan Da Ya Ceci Tarihin Ƙasarsa

Yau za mu ba masu karatunmu labarin wani mutumin Ailan, tsibirin nan da ke yamma da Ingila. Bai yi sarauta ba, bai ja rundunar yaƙi ba, aikinsa duka kwafe tsofaffin littattafai ne. Amma ba domin shi ba, da wani babban sashe na tarihin ƙasarsa ya salwanta.

An haifi Maikal O'Kleri wajen shekarar 1590 a Kilbaron, cikin gundumar Donigal, ƙasar duwatsu da makiyaya da masunta a can arewa maso yammacin tsibirin. Gidansu gidan malanta ne, su ke riƙe da tarihi da salsalar sarakunan wurin, watau zuriyar O'Donel, gado ne kaka da kakanni.

Yana yaro duniyar da ya tarar ta rushe. Ingilishi suka karya sarakunan arewacin Ailan a yaƙin Kinsel, wanda aka soma cikin 1601. A 1607 sarakunan suka shiga jirgin ruwa suka bar ƙasar, sa'an nan aka rarraba filayensu ga baƙi daga Ingila da Sikotlan. To, sarakuna su ne gatan malamai. Da suka tafi, sai makarantun gargajiya suka yi ta mutuwa, littattafan da aka rubuta da hannu bisa fata suka warwatse.

O'Kleri ya ƙetare zuwa birnin Luben, cikin ƙasar da ake kira Beljiyam yanzu, inda 'yan Ailan na ɗarikar Faransiskan ta Katolika suke da kwaleji. Ya shiga ɗarikar, amma bai zama limamin coci ba. A 1626 shugabanninsa suka komar da shi gida, ya tattaro musu labarun waliyyan Kirista na Ailan.

Shekara 11 ya yi cikin wannan aiki. Da rana ta yi ɗumi sai ya kama hanya, duk inda ya ji labarin wani tsohon kundi ya je ya kwafe. In hunturu ya shigo ya komo Donigal ya sake rubutawa da kyau. Babban gidan ɗarikar ya riga ya rushe tun 1601 sa'ad da albarushi ya tashi a ciki, saboda haka a wata mafaka yake zaune, bakin kogin Dirawis. Al'adarsa ce in ya gama kwafe abu ya rubuta inda ya samo shi, da wurin da ya yi aikin, da kwanan wata.

Da ya ga abin da ke hannunsa ya wuce labarin waliyyai, sai ya ƙudurta haɗa tarihin ƙasar baki ɗaya. Wani basarake na gundumar Silaigo, Fargal O'Gara, ya ɗauki nauyin aikin, wasu masana tarihi 3 suka kama masa. Suka fara ran 22 ga Janairu 1632, suka gama ran 10 ga Agusta 1636. Sun jera al'amura shekara shekara cikin harshen Ailan, tun daga zamanin ruwan Ɗufana har zuwa 1616: sarauta, da yaƙi, da annoba, da rasuwar malamai. Daga baya wani ɗan ɗarikarsu, Jon Kolgan, ya kira su Malamai Huɗu, sunan kuwa ya bi littafin har yau.

O'Kleri ya koma Luben a 1637. Abin da ya ga an buga da sunansa shi ne ɗan ƙamus na tsofaffin kalmomi masu wuya, a 1643, a shekarar kuma ya rasu. Babban littafin ya yi shekara fiye da 200 kafin a buga shi dukansa, sai da Jon O'Donoban ya juya shi da Turanci aka fitar tsakanin 1848 da 1851. A 1944 gwamnatin Ailan ta sa hoton O'Kleri a kan sarki, a tsakiyar garin Donigal kuma akwai hasumiyar tunawa da su huɗun.

Ba mu ce aikin ba shi da aibi ba. Masana sun lura sashen farko tatsuniya ta yi masa yawa, marubutan kuma sun karkata wajen gidan O'Donel, sun tsallake wasu abubuwan da za su zubar da girman coci. Duk da haka da yawa daga cikin kundayen da suka kwafa sun ɓace ƙurmus, abin da ya rage sai wanda ya bi ta alƙalaminsu.

Wannan shi ne abin da muke so malaman ofis da na makaranta su duba. Mai kwafe takarda yakan raina aikinsa, yana ganin ba wanda zai tuna da shi. Alhali wanda ya kwafa daidai, ya sa kwanan wata, ya faɗi inda ya samo, shi ne shaidar da jikoki za su dogara da ita ranar da ta asali ta ɓace.