Samuel Morse, mai zanen da ya koya wa waya kai saƙo

Masu saurarenmu na Madawa, Buza da Keita, da 'yan'uwa da ke ci-rani a Libiya, Aljeriya, Kano da Abijan, yau tarihin Samuel Morse muka kawo muku.

An haife shi ran 27 ga Afrilu 1791 kusa da birnin Boston na Amurka. Mahaifinsa malamin coci ne. Ya gama jami'ar Yale a 1810, ya tafi Landan koyon zanen hoto, kuma da zanen ya ci abinci shekaru da yawa.

A 1825 yana aiki a Washington, matarsa Lucretia ta rasu a New Haven bayan haihuwa. Wasiƙa ce ta kai masa labari. Kafin ya iso gida har an rufe ta. Duk wanda ya taɓa jin rasuwar nasa a makare ya san wannan ciwo.

A 1832, cikin jirgin ruwa daga Faransa, hira kan wutar lantarki ta sa masa tunanin aika saƙo ta waya. Ya sha talauci da dariyar mutane, sai da Alfred Vail ya kama masa da kuɗi da aikin hannu. A 1843 majalisar Amurka ta ba shi dala 30,000. Ran 24 ga Mayu 1844 saƙo ya tashi daga Washington ya isa Baltimore, wajen kilomita 60, nan take.

To, mene ne dabarar? Kunna wuta da kashe ta, shi ke nan. Taɓi gajere ɗigo ne, taɓi mai tsawo layi ne, kowane harafi da nasa jeri. Ko murya ta ɓace cikin hayaniya, kunne na iya tsintar ɗigo da layi.

Shi ya sa dabarar ba ta mutu da shi ba. Ran 12 ga Disamba 1961 aka harba OSCAR 1, tauraron ɗan'adam na farko da masu sha'awar rediyo suka ƙera da kansu. Kusan mako uku yana aiko da haruffa biyu, H da I: ɗigo huɗu, sannan ɗigo biyu. Daga saurin aikowar ake gane zafin cikinsa. Yau ma tauraron QO-100, wanda aka harba a 2018, yana hango Afirka duka, har da Nijar, kuma ana aika saƙon Morse ta kansa tare da sababbin hanyoyi na kwamfuta irin FT8. Ba ruwansa da eriyar kamfanin salula, amma sai da lasisin hukuma. Alamar kiran Nijar da 5U take farawa.

Ba za mu ɓoye aibinsa ba: ya goyi bayan bauta, ya kuma ƙyamaci baƙi 'yan Katolika. Ya rasu a New York ran 2 ga Afrilu 1872, yana mai arziki da suna.

Ku yaranmu 'yan makaranta, ku gwada: da fitilar hannu biyu kuna iya aika sunanku daga wannan bakin gona zuwa wancan. Daga nan aka fara.