Les Paul: Makaɗin da ya haɗa jitarsa da gungumen katako

Sunan Les Paul na rubuce a kan jitocin lantarki da ake sayarwa dubban daloli a yau, amma mai sunan da tarkacen gida ya fara.

An haifi Lester William Polsfuss ranar 9 ga Yunin 1915 a Waukesha da ke jihar Wisconsin ta Amurka. Tun yana saurayi ya lura hayaniyar jama'a na danne sautin jitarsa. Sai ya soka allurar garmaho a jikinta, ya jona ta da lasifikar rediyo. Sauti ya ƙaru, amma da ƙugi mai huda kunne, domin cikin jitar rami ne, yana amsa kuwwa.

Maganin da ya gano shi ne kawar da ramin. A farkon shekarun 1940, kamfanin Epiphone na New York ya bar shi ya yi aiki a masana'antarsa ranakun hutu. Ya ɗauki gungumen katako mai kaurin inci 4, ya ɗora masa wuyan jita da tsirkiyoyi da na'urorin maganaɗisu masu ɗaukar sauti. Da 'yan kallo suka ƙi karɓar siffarta, ya tsaga gangar jikin wata tsohuwar jita gida biyu, ya manna a gefunan gungumen. Ya kai wa kamfanin Gibson, aka ƙi saye.

A 1948 ya yi hatsarin mota a Oklahoma, gwiwar hannunsa na dama ta farfashe. Ya nemi likitoci su kafe hannun a lanƙwashe, yadda zai ci gaba da kiɗa. Haka ya zauna har ƙarshen rayuwarsa.

Gibson bai waiwaye shi ba sai da Leo Fender ya shigo kasuwa a 1950 da jita marar rami. A 1952 aka fitar da samfurin Les Paul mai ruwan zinare. A nan tarihi ya rabu biyu. Shi ya riƙa danganta ƙirar ga kansa, yayin da shugaban kamfanin na lokacin, Ted McCarty, ya dage cewa ma'aikatansa ne suka tsara ta kafin a nemi sunan makaɗin. Kuma ba shi ya ƙirƙiro jitar lantarki ba, domin Rickenbacker na sayar da ita tun shekarun 1930.

Gudummawarsa da ta fi tsayawa da ƙafarta a garejin gidansa na Hollywood ta fito, inda ya riƙa naɗar kiɗa a kan kiɗa har mutum ɗaya ya zama tawaga. Waƙar Lover ta 1948 da wannan dabara ya yi ta.

Ya rasu a Agustan 2009 yana da shekara 94, bayan ya shafe shekaru yana wasa kowace Litinin a kulob ɗin Iridium na New York. Gungumen da Gibson ya ƙi saye yana gidan tarihin kiɗan Country Music Hall of Fame a Nashville.