ISAAC NEWTON: YARON DA AKA CIRE DAGA MAKARANTA

An haifi Isaac Newton a wani ƙauye wai shi Woolsthorpe, a ƙasar Ingila, cikin shekarar 1642, wata uku bayan rasuwar ubansa. Yana da shekara uku uwarsa ta sake aure, ta bar shi hannun kakarsa. Da ya tasa aka sa shi makaranta a Grantham, amma da ya kai wajen shekara 17 sai uwar ta cire shi don ya lura da gona da tumaki. Yaro kuwa hankalinsa na ga littafi, har tumakin suka riƙa yi wa maƙwabta ɓarna. Kawunsa da babban malamin makarantar suka yi ta roƙonta, sa'an nan ta yarda ya koma. Cikin 1661 ya shiga Jami'ar Kambirij.

Cikin 1687 ya fitad da littafinsa Principia, wanda abokinsa Edmond Halley ya biya kuɗin bugawa. A ciki ya bayyana ƙa'idodi uku na motsi. Ta ukun ita ce, kome ya tura wani abu, abin nan ma yana tura shi da ƙarfi daidai wa daida, amma ta baya.

Ba sai mun je Turai ba kafin mu gane wannan. Mutumin Kaoje da ya taɓa ƙetare Kwara cikin kwalekwale ya gani da idonsa. Matuƙi na kafa gwangwala a ƙasan ruwa ya tura baya, ƙasa kuwa ta tura shi gaba tare da jirginsa. Almajiranmu kan tambaya, tun da ƙarfin biyu daidai suke, me ya sa jirgin ke tafiya? Dalili kuwa, ba abu guda suke turawa ba: ɗaya na kan ƙasa, ɗaya na kan jirgi, saboda haka ba su kashe juna. Haka bindiga ke dukan kafaɗar maharbi sa'ad da harsashi ya fita.

Sarauniya Anne ta ba shi sarautar Sir cikin 1705. Ya rasu cikin 1727, aka rufe shi a Westminster, inda ake rufe sarakuna a wancan zamani.

To, jama'a, da uwar nan ta ƙi jin shawara, da Ingila ta sami makiyayi marar kirki, duniya kuwa ta yi asarar malami. Muna roƙon iyayen yara na ƙasar Bagudo su tuna da wannan kafin su cire ɗa daga aji su miƙa masa sandar kiwo.