Dorugu: Yaron Damagaram da ya kai Hausa Ingila, ya dawo gida baƙo

An haifi Dorugu wajen shekarar 1840 a ƙauyen Dambanas, kusa da Kance a ƙasar Damagaram, cikin Jamhuriyar Nijar ta yau. Yana ɗan yaro mahara suka kama shi, aka yi ta sayar da shi daga hannu zuwa hannu har ya iso Kukawa, babban birnin Borno na wancan zamani.

A can ne Bajamushe matafiyi Adolf Overweg ya 'yanta shi tare da wani yaro Bamargi mai suna Abbega. Da Overweg ya rasu a 1852, yaran biyu suka koma hannun abokin tafiyarsa, Heinrich Barth, wanda ake kira Abdulkarim. Sun raka shi har Timbuktu a 1853, daga baya suka ƙetare Sahara zuwa Tarabulus, suka isa Landan a 1855.

A Ingila, Dorugu ya zauna a gidan James Frederick Schön, malamin mishan mai nazarin harshen Hausa. Nan ya koyi Ingilishi da karatun boko, ya kuma karɓi addinin Kirista. Schön ya riƙa rubuta abin da yaron ke faɗa: tatsuniyoyi, labaran gida, da tarihin rayuwarsa tun daga yarintarsa. Wannan aiki ya taimaka wajen fitar da littafin nahawun Hausa a 1862 da ƙamus a 1876, sannan Magana Hausa a 1885, wanda ya ƙunshi labarin Dorugu daga bakinsa. Hausar da Turawa da dama suka fara karantawa a littafi, Hausar Damagaram ce ta wannan yaro.

A 1864 ya dawo Afirka. Abin da ya taho da shi, wato addini da ilimi da ɗabi'un Turawa, ya bambanta shi da al'ummar da ya fito daga cikinta, alhali a Ingila ma bai taɓa zama ɗan gida ba. Sai ya kama aikin tafinta, yana tsayawa tsakanin Turawa da mutanen ƙasa, kowane ɓangare na buƙatar bakinsa.

A ƙarshen rayuwarsa ya zauna a Nassarawa, Kano, inda Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar boko a 1909. Dorugu ya koyar a wannan makaranta, ya kuma rasu a Kano a 1912.

Bauta ta raba shi da ƙauyensu, zaman Turai ya canza masa suna da addini, amma harshen da ya tsotsa a nono bai kuɓuce masa ba. Da shi ya ci abinci, da shi kuma ake tunawa da shi a tarihin rubutun Hausa na boko.